Ciki Ya Bushe, Magani Ya Ƙi Ci

Ya ku 'yan'uwana mata, yau zan taɓo maganar da kunya ta ke hana mu faɗi, watau taurin bayan gida. Tun da na fara koyarwa a Karfi, iyayen yara su kan jawo ni gefe, su ce, "Malama, na sha filasko, na sha man zurma, na sha na kemis, amma shiru."

To, ga yadda abin ya ke. Babban hanji aikinsa tsotse ruwa daga sauran abinci. In ya daɗe a ciki, sai ya bushe kamar hoge. Mu kuwa mu kan matse saboda kunyar surukai, mu jira dare. Da hunturu ba mu shan ruwa sosai. Mu surfa dawa da masara fes, mu ba awaki dusar da ke tura abinci gaba. Mai juna biyu kuma, maganin ƙarin jini ya kan ƙara mata. Maganin wankin ciki ya na kore na yau ne kaɗai, ba ya gyara sanadi.

Saboda haka ki sha ruwa kamar kofi 8 a yini. Ki yawaita miyar kuka da kuɓewa da lalo, da kwaɗon zogale da rama, da wake da gwanda. Ki rage surfe. Ki motsa jiki, ko da zagayen tsakar gida ne. In ya taso, ki je nan take, musamman bayan karin kumallo, amma kada ki yi ta nishi, don shi ke jawo basir.

Amma fa akwai inda dabara ta ƙare. Wata maƙwabciyata ta yi kwana 6 ta na ƙara magani, cikinta na kumbura, ga amai, ko iska ba ta fita. Da aka kai ta asibiti, ashe hanji ne ya toshe, sai da aka yi mata aiki. Allah Ya sa da sauran kwana.

In kin ga haka, ko jini, ko ramewa ba dalili, ko mako 3 ba sauƙi, ajiye maganin, ki sa maigida ya kai ki asibitin Malumfashi ko Funtua. Ba a jin kunyar likita. Allah Ya ba mu lafiya, amin.