Kwana bakwai a kan dogo

Likitar ta shekara shida tana aiki a Frankfurt kafin mahaifinta ya amince zai kawo mata ziyara. Dattijo ne ɗan shekara saba'in da ɗoriya, wanda ya yi ritaya daga aikin reluwe, kuma sharaɗi ɗaya ya gindaya mata: idan ya zo, a jirgin ƙasa zai ga Turai. Ita kuwa ta san gwiwoyinsa sun fara gajiya, ta kuma san ba lalle ne a sake samun irin wannan dama ba. Saboda haka tsarinta na farko ya ƙunshi ƙasashe tara cikin mako biyu.

Abin da ta fara koya shi ne ba tikiti iri ɗaya za su saya ba. Tikitin gama-gari na jiragen Turai yana aiki a ƙasashe 33, amma suna biyu gare shi. Interrail na mazauna Turai ne, wato irinta. Eurail kuma na baƙi ne daga wasu nahiyoyi, wato irin mahaifinta, wanda zai samu rangwamen da ake yi wa masu shekara 60 zuwa sama. Nata yana da wani ƙaidi: a ƙasar da take zaune, kwana biyu kacal zai yi mata aiki, na fita da na dawowa.

Sai batun kujera. A Jamus da Suwizalan da Ostiriya, mai wannan tikiti yakan shiga yawancin jirage ya zauna inda ya samu. A jiragen sauri na Faransa da Italiya da Sifaniya kuwa, dole ne a kama kujera tun da wuri, a biya kuɗinta daban, kuma a wasu hanyoyin kujerun da aka ware wa masu tikitin gama-gari ƙalilan ne, sukan ƙare da bazara. Landan ta fita daga lissafi tun da fari, domin Birtaniya ba ta cikin yankin Schengen, bizarta daban ce.

Da ta aika masa da jadawalin ta waya, bai tambayi sunan gari ko ɗaya ba. Ya bi sa'o'in ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ya saba a tasha, ya tsaya a inda ta bar minti takwas tsakanin sauka daga wani jirgi da hawa wani.

"Uwata," in ji shi, domin sunan mahaifiyarsa aka sa mata, "wa zai ɗauki kaya ya sauka matakala ya hau wata cikin minti takwas? Idan na farkon ya makara fa? Kuma a ina za mu yi alwala?"

"Baba, ina so ne ku ga ko'ina."

"Sauri ya haifi nawa. Wuri ɗaya nake so, Ƙurɗuba. Sauran duk hanya ce."

Tun yana yaro yake jin sunan garin a bakin malamai masu karanta tafsirin Ƙurɗubi. Ya san an fara gina babban masallacin can a ƙarni na takwas, ya kuma san an mai da shi coci tun 1236. Burinsa ya tsaya a tsakanin ginshiƙan nan ya gani da idonsa.

Daga nan tsarin ya sauya. Ta zaɓi tikiti mai kwana bakwai na tafiya cikin wata guda, wanda ba ya cin ranakun hutu. Ranar farko daga Frankfurt zuwa Zurich, ta biyu zuwa Paris, ta uku zuwa Basalona, tafiyar da ta haura sa'a shida, ta huɗu kuma zuwa Ƙurɗuba ta Madrid. Kwana ukun da suka rage na dawowa ne, ta Basalona da Paris. Jamus ta faɗo a ranar farko da ta ƙarshe, daidai da ƙa'idar tikitinta. A kowane gari ta sa kwana biyu aƙalla, ta nemi masauki kusa da tasha, ba ta kuma bar canjin jirgin da bai kai minti arba'in ba.

Ta kwatanta kuɗin da na tikitocin da ake saya ɗaiɗai tun watanni kafin tafiya, ta ga tazarar ba ta kai yadda ta zata ba, musamman bayan an haɗa da kuɗin kujeru. Sai dai tikiti mai arha yana ɗaure mutum da jirgi ɗaya. Idan dattijon ya wayi gari da ciwon ƙafa a Zurich, da na gama-gari za ta iya ɗage ranar a manhajar wayarta, asararta ba za ta wuce kuɗin kujera ba. Wannan sauƙin ta saya.

Ƙasashe tara sun koma huɗu. Ta buga sabon jadawalin a takarda, da manyan baƙaƙe, domin shi ba ya yarda da abin da ke cikin waya kaɗai. Da ya karanta hotonsa, gyara ɗaya ya yi: a kama masa kujerar da ke jikin taga.