Zumunta a Ƙafa Take

'Yan'uwa matasa, idan muka duba taswira a waya, za mu ga Karaye da Kano kamar maƙwabta ne. A miƙe, tsakaninsu kimanin kilomita 60 ne, garin Rogo kuwa bai kai kilomita 100 ba. Jirgin sama na fasinja yana cin wajen kilomita 800 a awa guda. Da a sama ake zuwa, minti goma ya yi yawa.

Amma mu da muka tashi a ƙauyukan Rogo da Karaye mun san ba haka ake ƙirga nisa ba. Mukan ƙirga shi da babur ɗin da zai fitar da mu bakin titi, da zaman tasha har mota ta cika, da lakar damina, da kuɗin motar da sai an sayar da kwanon masara kafin a haɗa shi. Wanda ya tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano zai sauka Abuja cikin kamar awa guda. A wannan awar, mutumin ƙauyenmu wataƙila yana nan a tasha yana jiran sauran fasinja biyu. Tun 1925 jirgi ya fara sauka a Kano, amma har yau mace mai naƙuda a wasu ƙauyukanmu a kan babur take fara tafiyarta.

A nan ne nisa yake zama maganar rai. Idan aka ce a kai maras lafiya Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, iyalinsa ba kilomita suke tambaya ba. Tambayarsu ita ce, wa zai ba mu mota da dare? Wa muka sani a birni? Ina za mu kwana? Sau da yawa rashin amsa ne yake sa a ce bari a ga gobe, goben kuma ta zo a makare.

Ba mu da jirgi, ba mu kuma iya shimfiɗa kwalta. Amma da yawanmu muna Kano, muna karatu ko aiki ko koyon sana'a. Mu ne za mu iya rage wannan nisa. Kowace zumuntar matasa tana iya rubuta lambobin masu babur da masu mota da suka yarda a tashe su ko da tsakar dare. Tana iya ware ɗan abu daga baiko domin kuɗin man kai maras lafiya, kada a tsaya neman rance a lokacin da minti yake da tsada. Mu na birni kuma mu tari mutum a tasha, mu raka shi yankar kati, mu ba mai jinya tabarma da tuwo.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Saƙon "muna addu'a" a WhatsApp yana da kyau, yana kuma isa nan take, amma ba ya riƙe hannun tsohuwar da ba ta taɓa shiga Kano ba.

Ya Ubangiji, ka tsare matafiyanmu, ka kuma ba mu ƙafafun zuwa inda ake bukatarmu. Amin.