Ƙodar Hajiya da Abin da ke Wuyanta

Hunturun bara, a gidanmu na haya da ke Mahdiya, uwargidana ta koma ba ta rabuwa da bargo ko da rana tsaka. Fuska ta kumbura, fata ta bushe, magana ma da ƙyar. Na ce sanyin Sabha ne kawai. Har gorin kasala na yi mata, abin da har yau nake jin kunyarsa.

Ta daɗe da hawan jini, kuma tun muna Damagaram aka ce ƙodarta ta fara rauni. Da aka gwada jini, sai ga kiratinin, wato dattin da ƙoda ke tacewa, ya haura sosai. Wani maƙwabci ya ce ai sai wankin ƙoda. Daren nan ban runtsa ba, ina ta lissafin atamfa da turaren da ke shago, ko za su kai mu Tarabulus, tafiyar kilomita sama da 700.

Likitan da muka gani washegari bai yi gaggawa ba. Ya taɓa gaban wuyanta, ya ce ta haɗiyi yawu, sannan ya rubuta gwajin TSH. Na ce, "Likita, ƙoda fa muka kawo." Ni maƙoƙo kaɗai na sani, ita kuwa wuyanta lafiya lau.

Ashe tayirod, ɗan naman nan da ke gaban wuya, yana iya yin sanyi ba tare da ya kumbura ba. In ya yi sanyi, zuciya na rage bugu, jinin da ke isa ƙoda ya ragu, tacewa ta ja baya, kiratinin ya hau. Ita ma ƙoda in ta yi rauni tana taɓa shi, don ita ce ke fitar da rarar sinadarin aidin ta fitsari. Ga shi alamominsu kusan ɗaya ne: gajiya, kumburi, jin sanyi. Shi ya sa ɗaya ke ɓuya a bayan ɗaya.

Aka ɗora ta a kan lebotairoksin, ƙwaya ɗaya da asuba, cikinta babu komai, sai bayan rabin awa ta karya. Maganin ƙarin jini da na kalsiyam kuwa sai an ba su tazarar awa 4. Wannan dokar ta fi ba mu wahala, don Hajiya ba ta wasa da shayin safe.

Bayan wata 2 aka sake gwaji, kiratinin ya sauko. Bai koma daidai ba, raunin da hawan jini ya yi yana nan, amma an daina zancen wanki. Diklofenak ɗin da take sha don ciwon baya likita ya hana, ya ce yana cin ƙoda.

Jiya ta tashe ni da ƙarar turmi. Na ce, "Hajiya, a bi a hankali." Ta ce, "Alhaji, ba kai ka ce kasala ce ba?"