Kwanakin Shawara Kan Kyamara Mai Tagogi Biyu

Litinin, 7 ga Afrilu

Wani dillalin kayan hoto a Abuja ya yi wa kyamarata kuɗi, ya ce in ba shi amsa kafin mako ya zagayo. Tayin ba na raini ba ne. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 har ta haura 1,500 a 2024, duk abin da mutum ya saya da kuɗin waje kafin lokacin ya zama kadara a hannunsa. Ni ta hannu na saye ta, kafin wannan tashin. Sabuwar irinta yau, gangar jikin kaɗai ban da gilashi, ta haura dala dubu 8. Idan na sallama, ba na jin zan sake riƙe irinta.

Abin da ya sa har na tsaya sauraron tayin shi ne abin da ta yi mini shekaranjiya a wajen ɗaurin aure nan Tudun Wada. Waliyyai na tsakiyar siga, na ɗaga na danna, sai ta sandare. Jar fitilar bayanta ta kama ta ƙi mutuwa, babu maɓallin da ke amsawa. Sai da na zare batir na mayar, kafin ta farfaɗo an shafa fatiha, maroƙi ya riga ya ɗaga murya. Allah ya taimake ni ƙanena na gefe da tsohuwar kyamararmu ta aiki, shi ya fitar da mu kunya. Da dare kuma na buɗe hotunan da tawa ta ɗauka a kwamfuta, na tarar fuskokin duk da ɗan dishi-dishi, bangon bayansu ne ya fito tar.

Talata

Matsala biyu ce, kuma ba uwarsu ɗaya ba. Sandarewa aikin lantarki ne. Dishi-dishin nan kuwa na ƙarfe ne da madubi.

Irin wannan kyamara ba ta saita kanta, kuma mai ɗauka ba ta cikin gilashin yake leƙe ba. Tagogi biyu ne a goshinta, da ɗan tazara tsakaninsu. In ka leƙa za ka ga wani ɗan fili mai haske a tsakiya, inda abin da kake kallo ya rabu gida biyu. Kana murɗa gilashi, bayansa na tura wani ɗan hannu mai ƙaramar taya, hannun na juya madubi a ciki, har siffofin biyu su hau kan juna su zama ɗaya. Nan ne nisa ya yi daidai. Tsohuwar dabara ce: Oskar Barnack ya ƙera ƙaramar kyamararsa a garin Wetzlar na Jamus, ta shiga kasuwa da sunan Leica a 1925, a 1932 aka haɗa mata ma'aunin nisan a jiki. Daga baya Japanawa da Rashawa duk suka yi nasu. Wadda ta fara barin fim ta koma mimori ita ce Epson R-D1, a 2004.

Ɗan hannun nan in ya goce ko da kaurin gashi ne, shi ke nan. Bayan isha'i na hau soro na murɗa gilashi zuwa ƙarshensa na dubi wata. Ya kamata in ga wata guda. Biyu na gani, ɗaya na leƙowa ta kafaɗar ɗaya. Sai na tuna ana jajibirin salla, ina kan kabu-kabu, mai babur ya faɗa rami jakar ta bugi ƙarfen baya. Daga nan ne.

Laraba

Yau yawon neman mai gyara na yi. Yaran da ke gyaran waya suna da hannu, na ga wanda ya ɗaga ƙwaƙwalwar waya da iska mai zafi ya mayar, amma da na ajiye masa kyamarar sai ya juya ta ya miƙo mini, ya ce shi ba ya buɗe abin da ba zai iya biya ba. Na ga girmansa da wannan magana.

A Tsohuwar Kasuwa na zauna wajen wani dattijo mai gyaran agogo. Ya sa madubinsa a ido, ya cire gilashin ya daɗe yana kallon 'yar tayar, ya taɓa ta da bakin hantsaki.

"Wanga aiki na masu agogo ne," in ji shi. "Ga kusar nan ina ganin ta. Amma ɗana, in na murɗa, da mi zan auna in san na kai? Agogo ina da wani agogon da nika dubawa. Wagga fa?"

Na ce, "Baba, da wata ake aunawa."

Ya yi dariya ya ce to sai in kawo ta da dare in kawo watan. Bai taɓa kusar ba.

Daga can na biya wajen wani tsoho da na koyi wankin hoto a hannunsa ina yaro, lokacin ana shiga ɗaki mai duhu da jar fitila. Ya rufe shago tun da waya ta kashe kasuwar hoton fasfo da na salla, amma har yanzu tsofaffin kyamarorinsa na cikin akwati, kowace a naɗe da tsumma. Ya ɗauko ɗaya ya ja ya danna, ta ce kyas, babu batir babu komai. Ya ce a zamaninsu mai hoto shi ne makanikin kansa. Maganarsa ta tuna mini da Malick Sidibé na Bamako, wanda aka ba Zakin Zinariya a bikin baje fasaha na Venice a 2007, ya rasu a 2016. Da hoto mai kala ya rage masa ciniki, gyaran kyamarori ya riƙe a shagonsa na unguwar Bagadadji, kantocinsa cike da su. Mutumin da duniya ta san hotunansa, kuma yana iya warware kayan aikinsa ya ɗaure. Mu namu kayan an rufe su da lantarki, an ajiye mabuɗin a wata nahiya. Wannan ne ya fi ci mini rai, fiye da kuɗin.

Alhamis

Wani mai gyara a Turai da na rubuta wa ya amsa. Saita ma'aunin ba wani babban aiki ba ne a wajensa. Sandarewar ce ya ce sai ya gani, wataƙila mimori ne ko tsohon batir, wataƙila kuma allon cikin ne, in shi ne to kuɗi ne masu nauyi. Ga layi a gabana, sai na yi haƙurin watanni. Ban da kuɗin aikawa, da inshora, da abin da za a nema a bakin shigowa.

Ya tambaye ni zafin garinmu. Takardar yawancin kyamarori cewa take a yi aiki da su daga sifiri zuwa digiri 40. Sakkwato a Afrilu kuwa 40 ɗin nan ana wuce ta tun kafin azahar. Ranar Asabar ɗin, baƙar kyamara ce rataye a ƙirjina cikin rana tun hantsi, ƙarfenta har ba ya taɓuwa.

Da la'asar na rufe ɗaki na yayyafa ruwa a ƙasa, na buɗe ta na hura farantin da ke kama haske da 'yar robar iska. Kyamarorin aiki na yanzu suna girgiza farantin su kakkaɓe ƙura da kansu, wannan ba ta yi. Ƙurar hunturun bana na nan ɗigo-ɗigo, duk hoton da sama ta fito a ciki sai na bi na goge.

Juma'a

Da sassafe na tafi Maƙera Assada. Tun bara nake bin masu sana'ar hannu na garin nan, maƙera da majema da madunka, ina ɗaukar su a bakin aiki, ba don wani ya sa ni ba. Tunda ma'aunin ya goce, sai na bar shi. Na matse ƙofar haske, na saita mita biyu da lambobin da ke zane a jikin gilashin, yadda duk abin da ke kusa da wannan nisan zai fito.

Na gaisa da mai maƙerar, na nemi izni, na samu gefe na tsuguna. Dattijo ne siriri, yana ƙera ruwan gatari. Jikansa na zuga, ɗansa na sara da babbar guduma, shi kuma yana riƙe da awartaki yana juya ƙarfen a kan uwar maƙera. Ba ya magana. Inda yake so a sara, sai ya ɗan taɓa wurin da ƙaramar masaba, ɗan ya sauke a nan. Taɓawa, sara, juyi.

Da babbar kyamara na zo, da tuni yaron ya bar zuga ya gyara tsayuwa, maƙwabta sun taru ana cewa 'yan jarida sun zo. Na sha gani. Baƙin akwati mai dogon baki in ya rufe fuskar mutum, wanda ake ɗauka ji yake an auna shi. Wannan kuwa tafin hannu take cikawa, tagar leƙenta na can gefe, rabin fuskata a buɗe, ina iya amsa gaisuwa ina aiki. Ƙararta ba ta kai ta zugazugi ba. Ba a jima ba suka manta da ni.

Akwai kuma abin da ban iya bayyana wa dillalin Abuja ba. A tagar nan ana ganin layukan da ke nuna iyakar hoto, ana kuma ganin abin da ke wajensu. Don haka na ga gudumar tun tana sama, kafin ta shigo, na ga hannun dattijon ya tsaya, na danna daidai lokacin da tartsatsi ya tashi. Kuma tagar ba ta duhu in an danna. Na ga abin da na ɗauka da idona a lokacin, ban buƙaci duba baya ba.

Da zan tafi na nuna masa. Ya goge hannu a riga ya karɓa, ya matso da ita kusa da ido. Bai dubi fuskarsa ba, hannun ɗan ya duba.

"Ka gani? Shina sake gwiwar hannu," ya ce. "Kullum ina gaya mishi."

Ya kira ɗan ya nuna masa. Ya ce in na wanke in kawo musu guda su liƙa.

Ko sau ɗaya ba ta sandare ba a maƙerar, ga wuta ga zafi. A inuwa muke dai, kuma sabon mimori na sa mata.

Asabar

Wani ɗaurin auren, a Mabera. Tsohuwar kyamarar aiki na ɗauka, ɗayar na bar ta a gida. Nauyi kamar me, ga ƙara, amma na yi aikina hankali kwance daga siga har gaisuwar surukai. Mai biki ba ruwansa da irin tagar da na leƙa. Kuɗinsa ya biya don ranar da ba za ta maimaitu ba, haƙƙinsa ne in zo da abin da na amince da shi. A kan wannan ba ni da sauran shawara: ba za ta sake zuwa aikin kuɗi ba, ko an gyara ta.

Lahadi

Kawu ya zo gaishe da Inna, maganar ta taso a zaure. Shi kai tsaye ya ce in sayar. Ya ce abin da ba ya kawo kuɗi kuma yana cin kuɗi doki ne, ko ba ka hau ba sai ka ba shi dawa, kuma doki na masu sarauta ne. Ya lissafa abin da kuɗin za su yi: sabuwar kyamarar aiki, sola a shago don in huta da sayen mai, har da canji. Babu ƙarya a lissafinsa ko ɗaya. Na ce, "Gaskiya ne, Kawu," don gaskiyar ce.

Akwai hanya ta tsakiya da na daɗe ina juyawa: in sayar da gangar jikin in riƙe gilashin. Shi tagulla ne da gilas, babu lantarki a cikinsa, zai kai jikoki, kuma da ɗan zobe ana ɗaura shi a kan kyamarorin zamani. Amma tagar fa? Ita ba ta cikin gilashin.

Da dare uwargida ta ce in buɗe mata hotunan bara. Muka bi su a kwamfuta: majema tsaye cikin ramukan jima, hannuwansu sun rine da bagaruwa, fatun jar akuyar nan tamu da aka yi ƙarnoni ana ketare Sahara da su har Turawa suka ɗauka na Maroko ne. Ta tsaya a kan wani tsoho mai ɗinkin layu. Na gaya mata ya rasu cikin azumi, iyalansa sun aiko neman hoton don ba su da wani nasa yana aiki.

"Malam, da waccan babbar za ka iya wannan?"

Na ce zan iya ɗaukar mutumin, amma ba zai zauna haka ba.

Ta ce to kada in sayar, amma da sharaɗi. Kuɗin gyara ba zai fito daga na cefane ko na makarantar yara ba. In ware wani abu daga kowane biki har ya taru. In kuma mai gyara ya ce allon ne, kuɗin ya wuce abin da muka yanka, in sayar da ita yadda take, kada in tsaya ja. Na amince. Sharaɗin ya fi wanda zan gindaya wa kaina tsauri, kuma ya fi shi daidai.

Litinin, 14 ga Afrilu

Na kira dillalin na ba shi haƙuri. Ya ce in na canza shawara yana nan.

Na rubuta wa mai gyara ya sa ni a layi. Wani abokin karatuna da ke koyarwa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo zai fita taro Turai bayan Babbar Salla, ya yarda ya tafi da ita a jakar hannu, na huta da fargabar aikawa. Kafin nan da lambobin jikin gilashi zan ci gaba da aiki, safe da yamma kawai, ba fita da ita tsakar rana. Na ba madunki awon jaka mai cikin auduga saboda kabu-kabu, na kuma yi odar sabon batir daga Legas.

Hoton maƙera na wajen wanki, sun ce in zo gobe bayan la'asar. Biyu na sa a yi, don ɗan ma ya aiko yana son nasa.