Cadwell Park: Filin Da Ake Durƙusa Wa Taya Kafin A Hau Babur

A gabashin ƙasar Ingila akwai wani yanki da ake kira Lincolnshire. Yawancinsa shimfiɗaɗɗiyar ƙasar noma ce, alkama da sha'ir da dankali iya ganinka, amma ta wajen arewa maso gabas ƙasar ta ɗan tattashi ta yi tuddai da kwaruruka. A gindin waɗannan tuddai garin Louth yake. Ƙaramin gari ne, sai dai 'yan ajin labarin ƙasa za su so su ji cewa layin nan na Greenwich, wanda daga kansa ake fara ƙirga gabas da yamma a taswira, ya ratsa ta cikin garin, kamar yadda ya ratsa Tema a ƙasar Gana. Jirgin ƙasa ya daina ɗaukar fasinja a Louth tun 1970, don haka mai zuwa daga Landan sai ya sauka a wani gari kamar Lincoln ko Grimsby ya ƙarasa da mota.

Kimanin kilomita 8 kudu da garin, a kan hanyar Horncastle, akwai filin tsere mai suna Cadwell Park. Wani mutumin Louth, Mansfield Wilkinson, shi ne mai wurin, kuma 'ya'yansa ne suka fara tsere da baburansu a hanyoyin tsakuwa da ke cikin gandun. Daga wasan gida abin ya zama filin tsere a 1934. Aka yi ta ƙara masa tsawo ana zuba kwalta, har ya kai kimanin kilomita 3.5 da yake a yau. Wasu kwanoninsa ma sunayen iyalin gidan suke ɗauke da su, irin su Mansfield da Charlies da Chris. Akwai wata kwana da ake kira Gooseneck, wato wuyan dinya, saboda yadda ta lanƙwashe tana gangarawa. Titin siriri ne ƙwarai, yana hawa yana sauka, ɓarinsa guda kuma cikin bishiyoyi yake.

Manyan 'yan tsere na gasar babura ta Birtaniya sukan zo nan duk shekara, su zagaye filin cikin ƙasa da minti ɗaya da rabi. Ni dai ranar da na je babu ko ɗaya daga cikinsu. Ranar 'yan koyo da masu sha'awa ce, irin wadda mutum zai biya kuɗi ya kawo babur ɗinsa ya yi gudu a filin da babu mota mai zuwa ta gaba, babu mai tsallaka titi, ga motar asibiti tana jira a gefe. Ba gasa ake yi ba, kuma ba a ba kowa kofi. Ana raba mutane gida uku: sababbin shiga, matsakaita, da waɗanda suka goge. Kowane rukuni ya shiga ya yi wajen minti 20 ya fito, na gaba ya shiga. Kafin a fara sai an tara kowa an bayyana ma'anar tutoci: ruwan ɗorawa na nufin akwai haɗari a gaba, a rage gudu kuma kar a wuce kowa, ja na nufin an tsayar da zagayen. Wanda bai da lasisin tuƙi, ko hular kwano mai rufe fuska, ko rigar fata daga wuya har idon sawu da safar hannu da takalma, ko bakin ƙofa ba zai kai ba. Har ƙarar salansa sai an auna, saboda mutanen ƙauyukan kusa.

Ku yi lissafin da kanku. Idan mutum yana shiga sau ɗaya a awa na minti 20, to sauran minti 40 ɗin ina yake? Yana farfajiyar da ake ajiye babura, kuma mafi yawan lokaci a durƙushe yake gaban tayarsa da ɗan ma'aunin iska a hannu. Wannan shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai. Manyan baburan nan da samarinmu ke kira fawa-bayik, wasunsu ƙarfinsu ya kai na doki 200, alhali Boxer ta 'yan acaɓa ba ta kai doki 10 ba. Amma duk wannan ƙarfi, da nauyin babur na kusan kilo 200, da nauyin mai shi, a kan ɗan wuri kaɗan suke tsaye. Inda kowace taya ke taɓa kwalta bai wuce faɗin katin cirar kuɗi ba sosai. Ta nan ake ja, ta nan ake taka birki, ta nan ake shan kwana. In wurin nan ya saki, ƙarfin inji ba ya da sauran amfani.

Roba kuwa tana da hali. Idan ta yi sanyi sai ta ƙage, ta riƙa zamewa a kan kwalta. Idan ta ɗumama sai ta yi laushi ta shiga 'yan ramukan kwaltar ta kama. In zafin ya wuce kima sai ta fara narkewa ta yi santsi. Kowace irin taya da zafin da aka ƙera ta don ta yi aiki a cikinsa, kuma zaɓen taya duk a kan wannan yake.

Akwai tayar tsere zalla, sumul take babu zane ko ɗaya. Ita ce ta fi kowace kama ƙasa, amma sai ta kai zafin da hannu ba zai jure ba. Shi ya sa za ka ga an ɗage babur a kan ƙarfe, an naɗe tayoyinsa da wani bargon lantarki mai ɗumama su zuwa wajen digiri 80, a bar su kusan awa guda kafin a fita. To ga inda ɗan koyo yakan ruɗi kansa. Ya ga gwanaye da irin wannan taya, shi ma ya sa kuɗi ya saya. Ya fita da ita da zafinta, amma da yake gudunsa bai kai ya riƙe mata zafin ba, sai ta riƙa hucewa a ƙarƙashinsa, musamman da safiyar Ingila mai sanyi da raɓa. Zagaye uku ko huɗu, tayar da ya saya da tsada ta koma ba ta kai ta titi kama ƙasa ba. Abin da ya fi dacewa da shi shi ne tayar titi ta baburan gudu, irin su Diablo Rosso ta kamfanin Pirelli, ko Battlax S22 ta Bridgestone, ko jerin Power na Michelin. Waɗannan suna ɗumama cikin zagaye ɗaya ko biyu, suna da zanen da ke korar ruwa idan yayyafi ya sauko, kuma da yawansu roba iri biyu aka haɗa: mai tauri a tsakiya don kar ta cinye da wuri, mai laushi a gefe don shan kwana. A ganina wanda ya fara da irin waɗannan ya fi wanda ya yi gaggawar kwaikwayon manya wayo, kuma ya fi shi ragowar kuɗi a aljihu.

Duk abin da kake son sani game da taya a rubuce yake a gefenta, in ka iya karatunsa. Za ka ga kamar 180/55 ZR17. Lamba 180 faɗin tayar ne da milimita. Lamba 55 na nufin tsayin gefenta kashi 55 cikin ɗari ne na faɗin, wato milimita 99. Lamba 17 kuma girman ƙarfen da za a sa ta a kai ne da inci. Can kusa da haruffan DOT akwai lambobi huɗu na ƙarshe, su ne ranar haihuwarta: idan ka ga 2319, an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, tana bushewa tana tsattsagewa. Kamfanin Michelin na ba da shawarar a riƙa kai taya ana dubawa duk shekara da zarar ta kai shekara 5, a kuma cire ta idan ta kai 10 ko da zanenta bai suɗe ba. Wannan karatu zai yi muku amfani ranar da aka aike ku kasuwa sayen taya 'yar Beljiyam, wadda aka wanke aka goge tana ƙyalli kamar sabuwa.

Sai batun iska. Babban babur a titi yawanci ana ba shi awo 36 a gaba, 42 a baya, a ma'aunin nan na masu faci da ake kira psi. A fili kuwa sukan rage zuwa wajen 30, ko abin da kamfanin tayar ya ce. Dalilin yana cikin littafinku na kimiyya: iska in ta yi zafi a rufaffen wuri, matsinta ƙaruwa yake yi. Gudu da birki mai ƙarfi suna zafafa taya, awon ya hau da kansa. Wanda ya fara da 42 zai ƙare da taya ƙam kamar ganga, wurin da ke taɓa ƙasa ya ƙara ƙanƙancewa. Don haka ake aunawa da safe taya na sanyi, a sake aunawa da an fito da zafinta, a rubuta a ɗan littafi. Kada wani ya karanta wannan ya je ya sace wa babur ɗin gidansu iska. A titi, da goyo da kaya da ramuka da zafin rana irin na watan Afrilu, taya mai ƙarancin iska ita ce ke yin zafi har ta fashe. Abin koyi a nan shi ne ma'aunin. A wajenmu sau nawa kuka ga mai faci ya danna taya da babban yatsa, ko ya ƙwanƙwasa ta da sifana, ya ce ta yi?

Sauran gyaran babur ba shi da wani asiri, sai dai ba a tsallake shi. Ana duba sarƙa, a wanke ta a sa mata mai, a tabbatar ba ta yi sako-sako ba kuma ba a ɗaure ta tamau ba, domin idan bayan babur ya lotsa sarƙar ƙara miƙewa take yi. Ana bin notuna da sifana. Ana duba ko mai na tsatsa daga shokozoba ta gaba, don in ya ɗiga kan faifan birki an shiga uku. Madubai kuma ko a cire su ko a manne su da salatif, saboda a fili aikin na baya ne ya san yadda zai wuce ka lafiya, kai dai ka dubi gabanka. Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne man birki. Yana tsotsar danshi daga iska a hankali. Sabon mai irin DOT 4 ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 230, amma wanda ya sha danshi yana iya tafasa a wajen 155. In ya tafasa sai kumfa ta taso a cikin bututun, ka matsa birki ka ji hannunka ya tafi har ƙarshe babu abin da ya kama. A titi da wuya birki ya yi irin wannan zafi. A fili kuwa, inda ake matse shi da ƙarfi a ƙarshen kowane miƙaƙƙen layi, yana faruwa. Shi ya sa ake juye man duk shekara biyu, masu yawan zuwa fili ma ba sa jira ya kai haka. Kuma ɗigon baƙin mai daga babur guda ya isa ya kayar da mutum biyar da ke bayansa, don haka kowa na sa ido a kan babur ɗin maƙwabcinsa, ba a ɗaukar wannan a matsayin shisshigi.

Mutanen yankin suna girmama mai datti a hannu. Guy Martin, ɗan tseren da ya yi suna a gasar TT ta tsibirin Man, ɗan Lincolnshire ne, kuma bakaniken manyan motoci ne, bai bar sana'ar ba ko bayan da ya shahara a talabijin.

Da rana na koma inda 'yan kallo suka fi taruwa, wurin da ake kira Mountain, wato tsauni. Ba wani tsauni ba ne, gajeren tudu ne mai tsini da ke zuwa bayan kwana hagu sannan dama. Gwanaye in sun taho da ƙarfi sukan tashi sama a kansa, tayoyi biyu duk su bar ƙasa. Josh Brookes ɗan Ostareliya, wanda ya ci gasar Birtaniya a 2015 da 2020, hotunansa na tsalle a nan sun zagaya duniya. 'Yan koyo kuwa lallaɓawa suke yi, in tayar gaba ta ɗan ɗaga taƙi guda mutum ya samu labarin da zai bayar har ya koma gida. Da an sauka tudun sai a faɗa cikin bishiyoyi, kwana bayan kwana, a inuwar da kwalta ke daɗewa ba ta bushe ba bayan ruwa. A nan ake gane wanda ya zaɓi taya daidai da gudunsa.

Wajen ƙarfe biyar aka ɗaga tuta mai zanen dara, baƙi da fari, aka tashi. Kowa ya sake durƙusawa yana shafa gefen tayarsa. In ta yi ɗan kaushi sumul kamar rairayin da ruwa ya bi ta kai, iska da zafi sun yi daidai. In ta yayyage, akwai abin da za a gyara kafin zuwa na gaba. Masu motocin ɗaukar kaya suka tura baburansu ciki suka ɗaure da igiya. Waɗanda kuma a kan baburansu suka zo, sai da suka ɓare salatif daga madubai, suka bi layin famfo suka mayar da iska 36 da 42, sannan suka fita ƙofa ɗaya bayan ɗaya suka hau hanyar Louth.