Zo Mu Zauna, Zo Mu Saɓa



Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato, sai in ji matasanmu suna tambaya: me ya sa mu mutanen Kafanchan ba ma taɓa zama da murya ɗaya? Ni a ganina, ba za mu taɓa zama ba, kuma wannan ba abin kunya ba ne.

Garin nan jirgin ƙasa ne ya raya shi. Tun da ya zama mahaɗar layin dogo a wajen 1927, Bahaushe da Bafulatani da Ibo da Bayarabe suka zo suka zauna tare da Fantswam, Kaninkon, Bajju da mutanen Kagoro. Kowa da addininsa, kowa da labarin da kakansa ya ba shi. Ku ɗauki masarautar Jama'a. A gidanmu gado ce da alfahari. A gidan maƙwabcina Kirista kuwa, tana tuna masa zamanin da Turawa suka bar kakanninsa ƙarƙashin sarautar da ba su zaɓa ba. Ba na ce masa maƙaryaci, shi ma ba ya ce mini. Tarihi ɗaya ne, amma kowa da inda takalmin ya matse shi, kuma da wannan yake zuwa rumfar zaɓe.

Ni da nake rubuta bayanan taron ƙungiya na sani: mu da muke sallah a sahu ɗaya ma, ba ma rabuwa da gardama kan jam'iyya ko kan malamai. Harshe da haƙori ma suna saɓawa.

Wasu na cewa da a hana maganar addini da siyasa, da an zauna lafiya. To, rikicin Kwalejin Ilimi ta Kafanchan na Maris 1987, wanda ya bazu har Zariya da Kaduna da Funtuwa, a mulkin soja aka yi shi. Na Zangon Kataf a 1992 ma haka. Rufe baki bai hana wuta ba. Siyasa ma, idan aka mai da ita gaba, mun ga sakamakonta a Afrilun 2011, lokacin da kasuwarmu ta ƙone, dukiyar Musulmi da ta Kirista ta zama toka.

Tsarin mulki na 1999 ya ba kowa 'yancin addini a sashe na 38, da 'yancin shiga ƙungiya a sashe na 40. Wanda aka ba 'yancin zaɓi, dole wata rana ya zaɓi abin da ba ka so.

A Maris 2016, wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomin Jama'a, Kaura, Sanga, Kachiya da Zangon Kataf suka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kafanchan. Babu wanda ya bar addininsa ko jam'iyyarsa kafin ya sa hannu. Abin da suka yarda da shi kawai shi ne a kawo ƙorafi kan tabarma, a daina kai shi bakin wuƙa.

Don haka 'yan uwa, ku yi muhawara, ku kare ra'ayinku da hujja, amma kada ku zagi abin da wani yake bauta wa, kada ku yaɗa labarin da ba ku tantance ba. Gobe a kasuwa ɗaya za mu haɗu.

Allah Ya zaunar da mu lafiya, amin.