Tambuwal da Kebbe a Lokacin Sassabe

Daga birnin Sakkwato zuwa Tambuwal tafiyar kimanin kilomita 100 ce, a kan babbar hanyar da ta nufi Jega da Yawuri. Ana wuce Boɗinga, sa'an nan Shagari, garin Alhaji Shehu Shagari wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983. Mun bi hanyar nan da bazara, rana tana ƙuna, ruwan fari bai sauka ba tukuna. Lokaci ne na sassabe. Ko'ina muka duba sai hayaƙi yana tashi daga gonaki, manoma sun sare sabara da kalgo sun tara, sun sa wuta.

Tambuwal tsohon gari ne. A zamanin jihadi ribaɗi ne, inda Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna. Daga nan kuma Aminu Waziri Tambuwal ya fito, wanda ya yi gwamnan jihar daga 2015 zuwa 2023. Kusan dukan mutanen ƙasar Musulmi ne, manoman gero da dawa da wake. Sun karɓe mu da fara'a, ba su bar mu da ƙishi ba. A bakinsu itace "icce" ne, kuma zancen icce ne ya fi yawa cikin hirarmu da su.

Dalili kuwa a fili yake. A bakin hanya akwai tulin itacen wuta da buhunan gawayi suna jiran motocin birni. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 kaya suka yi tsada, gidaje da yawa da suka saba da kananzir ko gas suka koma murhu. Kada mai karatu ya yi saurin zargin mai saran itace. Mutumin da rumbunsa ya ƙare tun kafin damina, gatari ne kaɗai jarinsa. Amma fa daji ba ya haihuwa da saurin da ake cinsa. Mata da yara su ne suka fi sani, gama su ne suke ƙara nisan tafiya kowace shekara neman abin hura wuta. Inda itace ya gagara sai a ƙona kara da kashin shanu, su ne kuwa abincin gona.

Daga Tambuwal muka bar kwalta ta Jega muka yi kudu zuwa Kebbe. A lura, Kebbe dabam, Jihar Kebbi dabam. Jihar Kebbi an cire ta daga Sakkwato a 1991, amma Kebbe ƙaramar hukuma ce da ta rage cikin Jihar Sakkwato, a can ƙarshenta na kudu. Ƙasar tana kwarin Gulbin Zamfara, wanda ya taso ta Gummi ya wuce Jega. Saboda haka akwai fadamu, ana noman shinkafa, da rani kuma ana lambu. Itatuwa sun fi na arewacin jihar yawa: kuka, tsamiya, ɗorawa, giginya, gawo.

Gawo ya isa a tsaya a kansa. Sauran itatuwa da damina suke yin ganye, shi kuwa da damina yake zubar da nasa, ya tsaya tsirara kamar busasshe. Don haka ba ya tare wa gero rana. Ganyen da ya zubar taki ne, saiwarsa kuma tana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Da rani, sa'ad da kome ya bushe, sai ya yi kore shar, ya zubo 'ya'ya, tumaki da shanu su taru a inuwarsa su ci, su bar kashinsu a wurin. Kowane tsohon manomi ya san geron gindin gawo ya fi na fili. Abin da ya dame mu shi ne, yawancin gawon da muka gani tsofaffi ne. Haka ɗorawa, haka kuka. 'Ya'yansu fa? Suna tsirowa, amma fartanya da wuta da akuya ba sa barinsu su kai gwiwa.

A nan ne muka tuna da abin da ya faru a Maraɗi, ƙasar 'yan'uwanmu Hausawan Nijar. Wani ma'aikacin mishan na SIM, Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya yi shekaru yana dasa itatuwa a can, yawancinsu suna mutuwa. A 1983 ya duba ƙananan kurmin da suke tohowa a gonaki da kyau, ya gane ashe ba ciyayi ba ne. Kututturan itatuwan da aka sare ne, saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, kowace shekara suna toho, kowace shekara ana sassabe su. Sai ya ce, maimakon a sare duka, a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a kowane kututture, kada su wuce biyar, a datse sauran, a rage musu ƙananan rassan ƙasa da wuƙa mai kaifi. Tun da saiwa ta riga ta yi zurfi, ba a bukatar ban ruwa, itacen kuwa yana girma da sauri fiye da dashe.

Da fari manoma sun yi masa dariya, gama a ganinsu gonar kirki ita ce wadda aka share tas. A yunwar 1984 aka haɗa aikin da rabon abinci, mutane da yawa suka gwada. Da abincin ya ƙare yawancinsu suka sare itatuwan. Amma waɗanda suka bar nasu suka ga amfani, maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. Suka sa wa abin suna sassaben zamani. Masu bincike sun ƙiyasta ya kai hekta miliyan 5 a Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200.

Sabara da kalgon da muka ga ana ƙonawa a hanyar Tambuwal, irinsu ne aka raya a Maraɗi. Harshe ɗaya, gero ɗaya, ƙasar Kebbe ma ta fi samun ruwa.

Ba mu raina aikin hukuma ba. Jihar Sakkwato tana cikin jihohi 11 na shirin nan na shingen itatuwa don tare hamada, wanda ƙasashen Afirka suka amince da shi a 2007, Nijeriya kuma ta kafa masa hukuma a 2015. Dogon yaro da ya cika garuruwanmu da inuwa, ai dasa shi aka yi. Sai dai mun sha ganin bikin dashe a wurare dabam dabam: a zo da manya, a yi jawabi, a ɗauki hoto, bayan wata biyu akuya ta gama da kome. Itacen da ba shi da mai shi maraya ne.

Manoma suna da nasu tsoro, kuma ba na banza ba ne. Wani ya ce mana itace yana kiran tsuntsaye su ci gero. Wani ya ce inuwa za ta kashe shuka. Amsar inuwa tana ga datsa, gama rassan da ake ragewa kowace shekara su ne itacen wutar uwargida, a ƙofar gona. Tsoron da ya fi nauyi shi ne na ɓarawo: ka yi shekara uku kana reno, wani ya zo da dare ya sare. Wannan ba a magance shi da mutum ɗaya. Sai mai gari da manoma da makiyaya sun zauna sun yi yarjejeniya, gama Bafillace ma yana bukatar ganye da 'ya'yan gawo.

Mu masu bi ba baƙi ba ne ga wannan zance. A sura ta 2 ta Littafin Farawa, aikin da Allah ya fara danƙa wa Adamu shi ne noman gonar da kuma tsaronta. Cikin Kubawar Shari'a sura 20 an hana Isra'ilawa sare itatuwa masu 'ya'ya ko a lokacin yaƙi. Ekklesiyoyinmu da yawa suna da gona ko fili a bayan majami'a. Kafin a tura matasa sassabe bana, dattawa su zaga tare da su, su ƙidaya kututturan da suke toho, su zaɓi waɗanda za a bari. A ɗaura wa kowanne jan ƙyalle domin mai wucewa ya san da mai shi. Inda awaki suke yawo, a kewaye shi da ƙayar magarya har ya fi ƙarfin bakinsu.